AMSOSHIN WASIƘUNKU: "An Ce Jarida Ta Buga Turawa Sun Zuba Musu Kuɗi, In Zuba Nawa?"

   

A wannan mako wasiƙu uku ne suka zo mana a kan magana guda, saboda haka za mu haɗa su mu amsa gaba ɗaya. Da yake magana ce ta kuɗi, mun sakaya sunayen masu su, kamar yadda biyu daga cikinsu suka roƙa.

Ta farko daga wani Alhaji ce mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano. Ya ce wani saurayi mai rataye da katin kamfani ya zo rumfarsa har sau uku, yana so ya zuba Naira miliyan 2, bayan wata shida ya karɓi miliyan 2 da dubu 600. Da Alhaji ya yi jinkiri, sai yaron ya zaro waya ya nuna masa wani labari da Turanci, wai jarida ta buga cewa Turawa sun zuba wa kamfaninsu miliyoyin daloli. Ya ce masa, in Bature da duk wayonsa ya yarda, kai mene ne naka na tsoro? Ta biyu daga wani manomi ce a yankin Saminaka, wanda wani kamfani ya ba taki da iri bashi, zai biya da masara. Yana tambaya ina waɗannan yara suke samun kuɗi haka, kuma in kamfanin ya mutu yaya ke nan. Ta uku kuwa wata Hajiya ce mai sayar da atamfa a Funtuwa, wadda cinikinta yake kwana a asusun na'urar POS, ta ce ba ta iya barci sosai.

To, Alhaji, Allah ya ƙara arziki, bari mu fara da Baturen nan da aka ce ya yarda. Su waɗannan masu kuɗi, sana'arsu ita ce abin da za mu kira jarin kasada. Kusan irin abin da kuka saba ne a kasuwa. Maigida ya ga yaro mai ƙwazo amma ba shi da ko sisi, sai ya ɗauki jari ya ba shi, in an ci riba a raba, in an faɗi maigida ya yi asarar kuɗinsa, yaro ya yi asarar wahalarsa. Bambancin shi ne su ba rabon riba suke jira a ƙarshen shekara ba. Wani yanki na kamfanin suke saya tun yana jariri, su zauna shekara bakwai ko goma suna jiran ranar da wani babba zai saye shi, ko a kai shi kasuwar hannun jari, su sayar da rabonsu ninkin-ba-ninkin. Hakan kuwa yana faruwa. Waɗansu samari biyu, Shola Akinlade da Ezra Olubi, sun kafa kamfanin Paystack a Ikko a 2015, don sauƙaƙa wa 'yan kasuwa karɓar kuɗi ta intanet. A watan Oktoba na 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. Waɗanda suka ba su jari tun farko sun kwashi rabonsu.

Amma ga abin da yaron nan bai gaya maka ba. Mai jarin kasada ba kamfani ɗaya yake ba kuɗi ba. Yana iya ba ashirin ko talatin, kuma tun ranar da yake sa hannu ya san da yawansu mutuwa za su yi. Kamar mai sayen 'yan tsaki ne da damina: ya san shirwa za ta ɗauki waɗansu, sanyi ya kashe waɗansu, lissafinsa yana kan 'yan kaɗan da za su yi zakaru. Kuɗin ma ba nasa ba ne shi kaɗai, tarawa ya yi daga attajirai da asusun fansho da manyan cibiyoyi, waɗanda in dala miliyan 5 ta nutse ba za su fasa cin abincin dare ba. Saboda haka in an ce Bature ya yarda da kamfani, abin da ya yarda da shi kasada ce wadda yake da ƙarfin ɗauka. Kai kuwa miliyan biyun nan, in ban yi kuskuren fahimtar wasiƙarka ba, kuɗin sarin gero da dawa ne na bana.

Akwai kuma wata kalma da za ku riƙa ji, wai darajar kamfani kaza ta kai dala biliyan kaza. Kada wannan ya ruɗe ku. Ku ɗauki misalin watanda. An kasa sa kashi goma, mutum ɗaya ya zo ya biya Naira dubu 100 ya ɗauki kashi guda. Sai a ce ai san nan na miliyan guda ne, alhali sauran kashi taran ba wanda ya taya su tukuna. Haka lissafin yake. A 2021 masu jari, a ƙarƙashin jagorancin SoftBank na Japan, sun zuba wa OPay dala miliyan 400, aka ce darajarsa ta kai dala biliyan 2. Ba wai akwai biliyan biyu a ajiye cikin wani ɗaki ba ne, farashin da aka sayi wani yanki ne aka auna sauran da shi. Gobe in mai saye na gaba ya taya ƙasa da haka, darajar ta sauko, ba tare da an taɓa ko kujera ɗaya a ofishin ba.

Yanzu sai mu zo kan jarida, wadda ita ce ƙashin bayan tambayarka.

Labarin da ke cewa kamfani kaza ya sami dala miliyan kaza, yawanci daga bakin kamfanin yake fitowa. Su ne suke rubuta takardar sanarwa, su sa adadin mutanen da suka ce suna hulɗa da su, su sa hoton shugabansu yana murmushi, su aika wa kafofin watsa labarai. Waɗansu kafofin sukan buga ta kusan yadda ta zo. Waɗansu ma biyansu ake yi, kamar talla, sai dai a rubuta wata 'yar kalma a sama ko a ƙasa da ƙananan baƙaƙe mai nuna cewa an biya kuɗi aka buga. Wanda bai iya Turanci ba, ko wanda aka nuna wa wayar daga nesa, ina zai ga wannan? Mu da muke wannan aiki mun san yadda taron manema labarai yake ƙarewa a wurare da yawa, da ɗan ambulan da ake kira kuɗin mota. Ba kowa ke karɓa ba, amma al'adar tana nan. To irin wannan labari, maganar dillali ce a kara. Dillali ba zai ce maka saniyar tana tari da dare ba.

Sai dai kuma akwai wani rukuni na 'yan jarida da suka taso, waɗanda aikinsu ke nan, bin diddigin waɗannan kamfanoni 'yan tasowa da masu ba su jari. A nan Nijeriya akwai TechCabal da aka fara a 2013, da Techpoint Africa da aka fara a 2015, dukansu a Ikko. Akwai WeeTracker mai bin kamfanonin Afirka. Akwai Rest of World da aka kafa a Amurka a 2020, don ba da labarin fasaha a ƙasashen da manyan jaridun Turai da Amurka ba su cika waiwaya ba. A Indiya akwai The Ken, a Singafo akwai DealStreetAsia. Duk a intanet suke fitowa, kuma duk da Turanci suke rubutu, abin da ya sa manomin Saminaka da mai hatsin Dawanau, waɗanda su ake zuwa nema a rumfa da gona, su ne na ƙarshen ji. Wannan yana damuna ƙwarai.

Bari in ba ku labarin wani kamfani a ƙasar Indunusiya, domin ya shafi manoma irinku, kuma ya nuna amfanin waɗannan 'yan jarida da iyakarsu gaba ɗaya.

Wani saurayi mai suna Gibran Huzaifah ya fara kiwon tarwaɗa tun yana ɗalibi a jami'a a garin Bandung. Ya lura cewa abinci ne yake cinye yawancin kuɗin mai kiwon kifi, kuma da yawa a banza yake tafiya, don ma'aikaci yakan watsa fiye da kima ko ya manta. Sai ya ƙera wata na'ura da ake kafawa a bakin tafki, tana watsa wa kifi abinci daidai gwargwado a kan lokaci, ana sarrafa ta da wayar hannu. Ya kafa kamfanin eFishery a 2013. Daga baya kamfanin ya shiga sayar wa manoma abincin kifi, da ba su bashi, da sayen kifin da jatan landen da suka noma. Dabara ce mai kyau, ba wanda ya musa. Manyan masu jari na duniya suka shigo, har da SoftBank da Temasek na gwamnatin Singafo. A 2023 aka zuba masa dala miliyan 200, aka ce darajarsa ta kai dala biliyan 1.4. Jaridu suka yi ta yabonsa, ɗan talaka mai kiwon tarwaɗa ya zama abin misali.

A watan Disamba na 2024 sai DealStreetAsia ta buga cewa hukumar daraktocin kamfanin ta dakatar da shi, ana binciken littattafan kuɗi. Wani na ciki ne ya tsegunta wa ɗaya daga cikin daraktocin. A watan Janairu na 2025 kafar Bloomberg ta fito da abin da masu binciken suka gano. Kamfanin ya gaya wa masu jari cewa daga Janairu zuwa Satumba na 2024 ya yi cinikin dala miliyan 752, ya ci ribar miliyan 16. Masu bincike suka ce ainihin cinikin kimanin miliyan 157 ne, kuma faɗuwa aka yi ta fiye da miliyan 35. An ce na'urorin da ke bakin tafkuna sun haura dubu 400, masu bincike suka ƙiyasta kimanin dubu 24. Littafi biyu ake ajiyewa, ɗaya na gaskiya na cikin gida, ɗaya na nuna wa baƙi. Daga baya shi da kansa ya amsa wa Bloomberg cewa tun 2018 ya fara ƙara lambobin, lokacin da kuɗi suka kusa ƙare masa. Yawancin ma'aikatan kamfanin suka rasa aikinsu.

Ka duba nan da kyau, Alhaji. Masu jarin nan suna da akantoci da lauyoyi da masu binciken kuɗi waɗanda albashinsu na wata ya fi cinikin rumfa na shekara, amma shekara shida ana nuna musu littafin bogi ba su gane ba. Ga amsar maganar "in Bature ya yarda" ke nan. Su ma 'yan jaridar ba su ne suka fara ganowa ba, kuma kafin nan da yawa sun yi yabo. Abin da suka yi shi ne, da magana ta ɓulla ba su bari an rufe ta a ɗakin taro ba, suka bi ta har kowa ya ji. Ba don haka ba, da mai kiwon kifi a ƙauye sai dai kawai ya ga wakilin kamfani ya daina zuwa.

Kusa da mu ma an yi. A ƙasar Gana wani kamfanin aika kuɗi ta waya mai suna Dash ya sanar a watan Maris na 2022 cewa ya sami dala miliyan 32.8. A cikin watan nan dai Babban Bankin Gana ya umarce shi ya dakata, don ba shi da izinin yin abin da yake yi. Jimlar abin da ya tara daga masu jari ta kai dala miliyan 86, amma a watan Oktoba na 2023 ya rufe, bayan rahotanni, ciki har da na WeeTracker, sun ce binciken cikin gida ya nuna an kumbura adadin masu hulɗa da shi. A Nijeriya kuma kamfanin 54gene mai binciken ƙwayoyin halittar ɗan Adam ya tara kimanin dala miliyan 45, shi ma ya naɗe tabarmarsa a 2023, TechCabal ta ba da labarin.

Wani zai ce, to su waɗannan jaridu wa yake ciyar da su? Tambaya ce mai kyau, kuma ya kamata a yi wa kowace kafa ita, har da wadda kuke saurare yanzu. The Ken masu karatu ne suke biyan kuɗi kafin su karanta. Rest of World ba don riba aka kafa ta ba, wadda ta kafa ta kuwa, Sophie Schmidt, 'yar tsohon shugaban kamfanin Google ce. Kamfanin Nikkei na Japan ya sayi mafi yawan DealStreetAsia a 2019. Kamfanin da ya mallaki TechCabal shi kansa ya karɓi dala miliyan 2.3 daga masu jarin kasada a 2022, kuma irin waɗannan kafofi sukan shirya taruka inda kamfanonin da suke ba da labarinsu suke ɗaukar nauyi. Ban ce an saye su ba, domin mun ga sun buga labaran da ba su yi wa masu kuɗi daɗi ba. Ni dai ma'aunina guda ne: jaridar da ta buga ranar suna, ta kuma buga ranar jana'iza, ita nake saurara. Wadda kullum sai albishir, ban taɓa ganin ta ce wani kamfani ya kori ma'aikata ko ya hana mutane kuɗinsu ba, wannan allon talla ce. Aikin kuma ba shi da sauƙi. Ɗan jarida a ƙasar nan yana iya buga gaskiya ya kwana a hannun 'yan sanda a ƙarƙashin dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024.

Malam na Saminaka, ga taka amsar. Kuɗin takin nan daga irin waɗannan masu jari yake fitowa, ko daga bashin banki, wani lokaci kuma daga jama'ar gari. A shekarun baya kamfanoni irin su Farmcrowdy da ThriveAgric sun riƙa karɓar kuɗi daga ma'aikatan birni ta intanet, su ba manoma kayan aiki, in an girbe a mayar wa masu kuɗi da riba. A 2020, lokacin kullen korona, ThriveAgric ya kasa biyan mutane a kan lokaci, ya ce kullen ne ya hana kai kaya kasuwa. Masu kuɗi suka yi ta kuka a intanet, jaridun nan suka ɗauka, har aka kawo sabon shugaba na riƙo. Daga baya kamfanin ya sanar cewa ya biya, a 2022 kuma ya sami rancen dala miliyan 56.4 daga bankuna da cibiyoyi. Ka ga ba kowane tuntuɓe ne sata ba. A watan Janairu na 2021 hukumar SEC mai kula da harkar hannun jari ta fito da ƙa'idojin tara kuɗi daga jama'a ta wannan hanya, sai mai rajista da ita.

Kai da aka ba kaya bashi, haɗarinka bai kai na mai zuba kuɗi ba, amma yana nan. Mutuwar kamfani ba ta kashe bashi, waɗanda suke bin kamfanin suna iya zuwa su nema. Saboda haka ka riƙe takardar yarjejeniyarku, ka sa a karanta maka ita da Hausa a gaban shaidu: buhu nawa za ka biya, a wane farashi, na ranar da aka ba ka taki ko na ranar kaka, kuma in fari ko ambaliya ta zo wa zai ɗauki asara. Duk buhun da ka kai, ka karɓi rasit. Kada kuma ka saki dillalinka na da gaba ɗaya. Tun daga watan Maris na 2022 da Babban Bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa, masu jari suka ga ajiya a gida ta fi kasada a waje. Kamfanin Partech mai ƙididdigar wannan harka ya ce abin da kamfanonin fasaha na Afirka suka samu ya sauko daga dala biliyan 6.5 a 2022 zuwa biliyan 3.5 a 2023. Ga kuma faɗuwar Naira tun daga watan Yuni na 2023, alhali mai jari da dala yake lissafi. Kamfanin da ya zo bana yana iya rasa abin zuwa baɗi.

Hajiya, ke taki da sauƙi. Abin dubawa a wurinki shi ne lasin Babban Bankin Nijeriya da inshorar hukumar NDIC, ba yawan dalolin da aka zuba wa kamfanin ba. A 2024 NDIC ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya in banki ya rushe zuwa Naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankuna na masu ƙaramin ƙarfi. Ki tambayi wakilin da ya ba ki na'urar wane irin lasin ne da su, ki sa a duba miki sunansu a jerin da Babban Banki yake fitarwa. Abin da ya haura wannan adadi kada ki bar shi wuri guda.

Mu koma kanka, Alhaji. Dubu 600 a kan miliyan 2 cikin wata shida, kashi 30 cikin 100 ke nan, a shekara kashi 60. Kai da ka shekara da shekaru kana saye da kaka kana sayarwa da bazara, ka san ko hatsi ba ya yi wa kowa wannan alkawari, wata shekarar ma farashi karyewa yake yi a bar mutum da kaya a sito. Sa'an nan ka tambayi kanka, wanda aka ba miliyoyin daloli me ya kawo shi rumfarka sau uku yana neman Naira miliyan 2 a wannan tsada? Mai jarin kasada na gaskiya ba a yi masa alkawarin riba ko ta kwabo. Inda ake yanka riba tun kafin a yi ciniki, a ce kuma ka kawo wani a ba ka la'ada, can ne muka ga MMM da ta rufe da kuɗin mutane a watan Disamba na 2016, da CBEX a watan Afrilu na 2025, wadda har fusatattu suka fasa ofishinta a Badun. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara goma, ko tarar da ba ta gaza Naira miliyan 20 ba, ko duka biyu, ga masu shirya irin wannan. Amma ɗaurin wani ba ya dawo maka da kuɗin gero.

Ban san kamfanin yaron nan ba, ba zan kira shi ɓarawo ba. In ya dawo, ka ce ya rubuta maka cikakken sunan kamfanin da lambar rajistarsa ta SEC a takarda. Ka ba ɗanka ko wani malamin makaranta da ka amince da shi, ya duba a wayarsa shi, ba a wayar yaron ba, domin ana ƙirƙiro shafin jarida na bogi, ana kuma aron sunan kamfanin kirki. Ya duba ko sunan yana jerin SEC. Ya duba ko labarin ya fito a kafa biyu ko uku da aka sani, ko an rubuta cewa talla ce, da kuma ko a cikinsa an ji ta bakin wani wanda ba ma'aikacin kamfanin ba. Sa'an nan ya haɗa sunan da kalmomin korar ma'aikata, da kotu, da rashin biya, ya ga abin da zai fito. In yaron ya ce lokaci zai ƙure kafin ka gama wannan, ka bar shi ya ƙure. Shawarata, kafin duk wannan ya tabbata, kuɗin nan su tafi sarin hatsi kamar yadda aka saba.

Ka rubuto mana abin da kuka gano, za mu karanta wa jama'a. Wasiƙun da suka zo a kan farashin taki da maganin ƙwarin wake sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.